Tumbuktu ta Ci Suna, Agadas ta Riƙe Hanya

A shekarar 1850 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya raɗa wa kansa Abdulkarim, ya sauka a Agadas. Bayan shekara uku ya isa Tumbuktu, inda Shehu Ahmad al-Bakkay ya ba shi mafaka daga masu neman kansa. Har yau akwai gidan da ake nuna wa baƙi a kowane ɗaya daga garuruwan nan biyu, a ce nan ya kwana. Dukansu ya same su sun ja baya: kangaye sun yi yawa, kasuwa ta yi sanyi. Sai dai a Agadas bai nemi tafinta ba, da Hausar da ya koya a hanya ya yi hulɗarsa.

Garuruwan sun yi kama ta fuskoki da yawa. Ginin ƙasa ne, bakin hamada suke, Abzinawa na da hannu a kafuwar kowanne, kuma gishiri ne ya rene su. Ayarin Tumbuktu yana zuwa Taudeni ya ɗauko allunan gishiri, na Agadas kuma ya keta Tenere zuwa Fashi da Bilma ya dawo da kantu da dabino, har kayan su gangaro Damagaram da Kano. Amma abin da kowanne ya zama a idon duniya ya bambanta, kuma bambancin tsoho ne.

Tumbuktu ce babba. Wajen shekarar 1100 zango ce kawai ta makiyaya kusa da rijiya, tazara kaɗan daga kogin Kwara. Nan raƙumi da kwalekwale suke musayar kaya. Da Mansa Musa ya dawo daga hajjinsa na 1324 ya sa aka gina masallacin Jingarebar, daga baya unguwar Sankore ta cika da malamai da almajirai. A zamanin Askiya Muhammadu littafi ya zama hajar da ake ribarta ƙwarai. Malaman garin sun zo Kano da Katsina sun koyar, wani ma ya yi alƙalanci a Katsina. Sai 1591 ta zo: sojojin Maroko masu bindiga suka karya Songhai a Tondibi, daga baya suka kwashi manyan malamai, har da Ahmad Baba, suka kai su Marakesh. Ahmad Baba ya dawo a 1608, amma garin bai sake komawa yadda yake ba.

Abin mamaki, bayan faɗuwar ne sunan ya fi tashi. Turawa sun riƙa jin labarin birnin zinariya da ba wanda ya taɓa gani, har wata ƙungiyar masana a Faris ta sa ladar faran 10,000 ga wanda ya je ya dawo da rai. Wani Baturen Birtaniya, Laing, ya isa a 1826, aka kashe shi a hanyar komawa. Wani Bafaranshe, Caillié, ya shiga a 1828 cikin shigar Larabawa, ya ga gidajen ƙasa da rairayi, gwiwarsa ta yi sanyi. Gani ya kori ji, amma jin bai mutu ba. Har gobe Bature in zai ambaci ƙarshen duniya, Tumbuktu yake cewa.

Agadas ba ta samu irin wannan talla ba. A ƙarni na 15 ne ƙabilun Abzin, da suka gaji da rigimar junansu, suka naɗa sarki mai raba gardama, kuma fadarsa ta zauna a Agadas. Aikin Sarkin Abzin tun asali shi ne tsare hanya da sasanta masu bin ta. Askiya ya ci garin wajen 1515, lokacin da aka fara gina babban masallaci, kuma rabon ganimar wannan yaƙi ne ya haɗa shi faɗa da Kanta na Kabi. Hasumiyar da ake gani yanzu an sabunta ta a 1844. Tsawonta mita 27, duk tubalin ƙasa, itatuwa sun fito ta kowane gefe domin magina su taka idan za a yi yaɓe. Matakalar ciki tana ƙara matsewa yayin da ake hawa, har mai jiki sai ya karkace kafin ya kai sama. Daga can za ka ga tsohon gari a shimfiɗe ja wur, da duwatsun Abzin can nesa.

Ba a rasa ilimi a Agadas ba. Can Shehu Usmanu ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru. Amma garin na madugai ne da maƙera da dukawa. Azurfar da maƙeransa ke zubawa, musamman sarƙar nan mai ƙusurwa huɗu da ake kira da sunan garin, ta kai inda littattafansa ba su kai ba. Tsohon harshen garin, dangin Songhai, ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda cinikin Agadas ya fuskanta.

Sabon abin da ya jawo wa garuruwan baƙi daga wahala ya fito. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi, samarin Abzinawa suka bazu Aljeriya da Libiya neman abin yi. Aka riƙa kiransu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aiki. A can suka ɗauki jita suka sa mata kiɗan tende na iyayensu mata, suna waƙar kewar gida da tawaye. Asuf suke ce wa kiɗan, wato kewa. Kaset ɗin Tinariwen daga Mali da na Abdallah Oumbadougou daga Nijar sun riƙa yawo a ɓoye, domin mallakarsu na iya jawo wa mutum tsiya.

Da aka yi sulhu a tsakiyar shekarun 1990, kowane gari ya karɓi wannan kiɗa ta hanyarsa. A Mali an shirya Bikin Hamada, aka fara a 2001 a yankin Kidal, daga 2003 aka mai da shi Esakan, kan tudun rairayi yamma da Tumbuktu. Ali Farka Ture, mutumin Niyafunke, wanda faifansa da Ry Cooder ya riga ya ci kyautar Grammy, ya hau dandalin. Robert Plant ya zo, Bono ma ya zo a Janairun 2012. A lokacin kwana uku ne a shekara, ana kwana a tanti, jaridun Turai suna ta yabo. Sunan Tumbuktu ne ya sayar da tikitin, ko da yake yawancin masu jitar ba 'yan garin ba ne.

Agadas kuwa a shekarun 1980 tseren motocin Faris zuwa Dakar ya riƙa ratsa ta, Mano Dayak yana kai baƙi hamada kafin ya shiga tawaye ya rasu a haɗarin jirgi a 1995. Filin jirgin garin sunansa yake ɗauke da shi. Amma jitar Agadas ba don baƙi ta rayu ba, gidan biki ne ya riƙe ta. Da la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a bakin layi, a tada janareta, a jingina lasifika biyu da suka sha ƙura. Mata su zauna gefe guda cikin lufaya, samari su jera babura su zauna a kai, yara su cika tsakiya har sai an kore su da tsumagiya. Jita uku ko huɗu suna bin juna, mai ganga yana ƙara wuta, ana fitowa biyu-biyu ana taka rawa ana liƙi. Ƙungiyar Etran de l'Aïr ta shafe shekara fiye da ashirin a irin wannan fage kafin Turai ta san da ita. Daga nan Bombino ya fito har aka sa shi takarar Grammy. Mdou Moctar kuwa a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da irin muryar inji ta waƙoƙin fim ɗin Hausa, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai tattara kiɗa.

Ranar gwaji ta zo wa kowa. A 2012 masu iƙirarin jihadi suka kama Tumbuktu, suka haramta kiɗa, suka rushe hubbarorin waliyyai a garin da ake ce wa mai waliyyi 333. Da za su gudu a Janairun 2013 suka ƙone littattafai kusan 4,000 a cibiyar Ahmad Baba. Sauran, dubu ɗaruruwa, iyalan garin sun riga sun sulale da su Bamako cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwalekwale. Wannan jarumta ce da ba a yaba ta yadda ya kamata ba. An sake gina hubbarorin, kotun duniya ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara tara a 2016, amma Bikin Hamada bai dawo gida ba. Ko fim ɗin da Sissako ya yi da sunan garin a 2014, a Walata ta Muritaniya aka ɗauke shi.

Agadas ma ta rasa baƙinta, sakamakon tawayen 2007 da satar mutane a Arlit a 2010. Direbobin da suka san hamada sai suka koma ɗaukar masu zuwa Libiya. Kowace Litinin motoci suna fita a jere, mutum ya zauna a gefen akori-kura ƙafa a waje, ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo. Ba sana'a mai daɗin faɗa ba ce, kuma hamada ta ci mutane da yawa. Dokar 2015 ta haramta ta, sojojin da suka karɓi mulki suka soke dokar a 2023. Zinariyar Jado ta zo ta ƙara cika garin. Duk cikin wannan ba a fasa bikin Biyanu ba a watan Muharram, mutanen gabas da na yamma suna fitowa da tambura da ganyen kaba.

A ganina Tumbuktu ta fi gado, nesa ba kusa ba, kuma UNESCO ta san haka tun 1988, alhali sai 2013 ta tuna da Agadas. Amma in rayuwa mutum yake nema, wadda ba don idon baƙo ake yin ta ba, Agadas ce. Daga Kano hanya ɗaya ce, ta Damagaram da Tanut da Adarbisinat. Mai niyya ya tambayi direbobin tasha lafiyar hanya kafin ya tashi, ya kuma daidaita tafiyarsa da lokacin Biyanu.