Noman kabewa da kankana a bayan gida

Kabewa, wadda wasu ke kira kabushi, tana cikin dangin tsirrai masu yaɗo, tare da kankana da guna da gurji da duma. Duk da gindin zaman da ta samu a tukunyar miyan taushe, asalinta daga nahiyar Amurka ne, inda aka fara nomanta a yankin Meksiko shekaru dubbai da suka wuce. Kankana kuwa 'yar Afirka ce, kuma wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa 'yar'uwarta mafi kusa ita ce wata kankana da ke yankin Kordofan na Sudan, wadda cikinta fari ne.

Ga mazaunin birni, kabewa ta fi sauƙin sha'ani. Ana shuka ta idan damina ta kankama, galibi a watan Yuni a ƙasar Kano da kewaye. Za a haƙa rami, a cakuɗa ƙasarsa da ruɓaɓɓen takin awaki ko na kaji, a sa ƙwaya 3 a zurfin gaɓar yatsa, sannan a bar tsiro 1 ko 2 mafiya ƙarfi. Tazarar mita 2 tsakanin rami da rami ba ta yi yawa ba, domin gindi guda na iya mamaye tsakar gida. Wanda ba shi da fili sai ya shuka a buhu, ya ɗora yaɗon a kan danga ko rumfa. Cikin kwana 90 zuwa 120 take ƙosawa.

Kankana ta fi son ƙasa mai rairayi da rana mai zafi, kuma yawan ruwa na ruɓar da ita. Saboda haka ya fi kyau a jinkirta ta zuwa ƙarshen damina, ko a yi ta da ban ruwa a rani.

Inda akasarin masu lambun gida ke karaya shi ne lokacin fure. Shuka za ta yi ganye shar, ta cika da furanni, amma ba ɗa ko ɗaya, sai mai ita ya ɗora wa iri laifi. Sau da yawa irin ba shi da laifin komai. Waɗannan tsirrai suna fitar da fure iri biyu a gindi guda, namiji da mace. Namijin ne ke fara fitowa, ya bushe ya faɗi, kuma haka aka halicce shi. Macen tana zuwa daga baya, ana gane ta da ɗan ƙulli kamar ƙaramar kabewa a ƙasan furen. Idan ƙudan zuma bai ɗauko garin namijin ya kai mata ba, ƙullin zai yi rawaya ya zube. A unguwannin da gine-gine suka cushe, ga feshin maganin ƙwari, ƙudan zuma ya yi ƙaranci, don haka aikin ya koma kan mai lambu. Da sassafe, kafin fita kasuwa ko ofis, sai ya tsinko namijin fure, ya cire ganyayyakinsa, ya goga tsinken tsakiyarsa a cikin macen. Furen kabewa na rufewa kafin azahar, kuma ba ya sake buɗewa, saboda haka wanda ya bari sai ya taso daga aiki ya makara.

Akwai kuma ƙudan da ke huda ɗanyen ɗa ya saka ƙwai, har ciki ya yi tsutsa. Rufe ɗan da jakar takarda ko tsohon gidan sauro ya fi feshi amfani. Awaki da kaji kuwa, maganinsu shinge ne kawai.

Kabewa ta ƙosa idan karan da ke riƙe da ita ya bushe, farce kuma ya kasa huda ɓawonta. A yanke ta da guntun karanta, a ajiye a inuwa mai iska, za ta yi watanni ba ta lalace ba. Kankana ba ta ƙara zaƙi bayan an cire ta, don haka a jira sai siririn zaren da ke kusa da ita ya bushe, gefen da ke kwance a ƙasa ya koma ruwan ɗorawa.