Rawaya: Saiwar da Ta Zama Sunan Launi

Ɗalibin Hausa yakan fara haɗuwa da kalmar “rawaya” a darasin launuka, tare da ja da fari da baƙi. Amma asalinta sunan tsiro ne. Rawaya ƙaramin tsiro ne na dajin savana, wanda ke yaɗuwa tun daga Senegal har zuwa Sudan. Da rani, bayan gobarar daji ta cinye ciyawa, sai furanninta su ɓullo dab da ƙasa. Dukiyarta kuwa tana binne: saiwa mai kauri, wadda cikinta ke da launin da ya gāji sunanta.

Tun da daɗewa marina ke rina zare da tufafi da wannan saiwa, mata na ba miya launi da garinta, masu magani kuma na jiƙa ta domin mai ciwon shawara. A 1831 masana tsirrai na Faransa suka bayyana ta a littafinsu na tsirran Senegambiya da sunan Cochlospermum tinctorium. Kalma ta biyu a Latin na nufin “na marina”, wato Turawan ma daga sana'ar rini suka ɗauko sunan. Likita J. M. Dalziel, ɗan Sikotilan, ya sanya ta cikin ƙamusinsa na sunayen tsirrai na Hausa a 1916.

A shekarun 1980, Diallo da Vanhaelen suka binciki saiwar a Brussels. Sun gano cewa launinta ya fito ne daga sinadarai dangin waɗanda ke cikin karas. An kuma sami sinadarin galik da na tanin, masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewar da iskar oksijin ke haddasawa, kwatankwacin tsatsa a jikin ƙarfe. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna suna rage illar guba ga hanta, gaɓar da shawara ta fi dangantaka da ita.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma shawara alama ce ta cututtuka da dama, ciki har da masu kisa, waɗanda sai gwajin asibiti ke bambancewa. Akwai kuma wata barazanar: ganye idan an tsinka yakan sake tohowa, amma wanda ya haƙe saiwa duka ya kashe tsiron. Idan haƙa ta yi yawa ba a shuka, wata rana yaro zai san rawaya a matsayin launi, bai taɓa ganin saiwar da ta haifi kalmar ba.