Hamayya da ƙorafi kan alƙalan wasa a ƙwallon ƙafar Amurka

Babu gasar da Amurkawa ke kallo kamar ta ƙwallon ƙafa irin na ƙasarsu, wadda aka fi sani da NFL, kuma da wuya mako ya wuce a kakar wasa ba a yi ka-ce-na-ce kan hukuncin wani alƙali ba.

Wasan dai ya sha bamban da tamaula. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, kuma akasari da hannu ake ɗaukarta a ruga, ko a jefa wa abokin wasa.

Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11. Akan bai wa masu kai hari dama huɗu su ci yadi 10, idan suka gaza ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki shida.

An kafa gasar ce a shekarar 1920 a garin Canton na jihar Ohio, kuma tana da ƙungiyoyi 32.

Tushen hamayyar

An kasa ƙungiyoyin rukuni takwas, huɗu-huɗu, kuma kowacce kan kara sau biyu a shekara da abokan rukuninta. Wannan ne ya sa gaba ke daɗewa har 'ya'ya su gaje ta daga iyaye.

Hamayyar da ta fi suna ita ce ta Chicago Bears da Green Bay Packers, waɗanda suka fara karawa a 1921, kuma sun haɗu fiye da sau 200.

Tun daga 2021, wasanni 17 kacal kowace ƙungiya ke bugawa kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale, wanda ke kai wa ga wasan ƙarshe na Super Bowl. Don haka hukunci guda na iya rusa wahalar shekara guda.

Yadda ake alƙalanci

Alƙalai bakwai ne ke cikin fili, sanye da riguna masu ratsin fari da baƙi, kuma shugabansu ne kaɗai ke sa farar hula. Duk wanda ya ga laifi sai ya jefa wani ƙyalle mai ruwan ɗorawa.

An fara duba hoton bidiyo a 1986, aka daina bayan kakar 1991 saboda ɓata lokaci, sannan aka dawo da shi a 1999. Tun daga lokacin, mai horarwa na iya jefa jan ƙyalle don neman a sake duba wasu hukunce-hukunce.

Sai dai bidiyon bai kashe wutar ƙorafi ba.

A watan Disambar 2001 a Cleveland, magoya bayan Browns sun yi ta jifa da robobin abin sha bayan da aka soke wata cafkar ƙwallo ta ƙungiyarsu. Alƙali ya tashi wasan saura daƙiƙa 48, amma shugaban gasar na lokacin, Paul Tagliabue, ya umarci a dawo a ƙarasa.

Wata guda bayan haka, bidiyon ne ya ceci New England Patriots a karawarta da Oakland Raiders. Ƙwallo ta suɓuce wa Tom Brady, Raiders ta ɗauke, amma aka yanke cewa yunƙurin jifa ne bai kammala ba. Patriots ta ci 16 da 13, ta kuma ɗauki kofinta na farko a kakar. An soke dokar da aka dogara da ita a 2013.

Hukunce-hukuncen da suka tilasta sauyi

A 2012 hukumar gasar ta dakatar da alƙalanta saboda saɓani kan albashi da fansho, ta ɗauko na wucin gadi daga ƙananan gasanni.

Ranar 24 ga watan Satumba, a jifan ƙarshe na wasan Seattle Seahawks da Packers, 'yan wasa biyu suka riƙe ƙwallo a ƙarshen fili, alƙalai biyu da ke tsaye a wurin suka nuna alamu mabambanta. Aka bai wa Seattle nasara da 14 da 12.

Har Shugaba Barack Obama sai da ya tsoma baki, kuma cikin kwana biyu aka sasanta da alƙalan na ainihi.

Ranar 20 ga watan Janairun 2019 kuma, a wasan neman gurbin Super Bowl, Nickell Robey-Coleman na Los Angeles Rams ya bangaje Tommylee Lewis na New Orleans Saints tun ƙwallo ba ta iso ba. Ana 20 da 20 ne, saura ƙasa da minti biyu, amma ba wanda ya jefa ƙyalle.

Rams ta yi nasara da 26 da 23 a ƙarin lokaci. Wasu magoya bayan Saints sun garzaya kotu, amma ba a sauya sakamakon ba, ko da yake shugaban gasar, Roger Goodell, ya amince an yi kuskure.

An ba da damar duba irin wannan laifi ta bidiyo a kakar 2019, sai dai an yi watsi da tsarin bayan shekara guda, domin gardamar sai ta koma kan masu duba bidiyon.

Sukar alƙalai a bainar jama'a na jawo tara. A watan Disambar 2023 an ci mai horar da Kansas City Chiefs, Andy Reid, tarar dala 100,000, ɗan wasansa Patrick Mahomes kuma dala 50,000. Ita ce kuma ƙungiyar da magoya bayan wasu ke zargin alƙalai na fifitawa, zargin da hukumar ta musanta.

Ladabi da dattako

Dokar wasan ta tanadi horon yadi 15 ga wanda ya nuna rashin ɗa'a, kamar zagi ko tsokanar abokin karawa. Tun 2014 kuma ake ba da lambar yabo ta Art Rooney ga ɗan wasan da ya fi nuna halin kirki a fili, kuma Larry Fitzgerald ne ya fara samunta.

Su ma 'yan kallo sukan ajiye gaba. Ranar 2 ga watan Janairun 2023, zuciyar Damar Hamlin na Buffalo Bills ta tsaya ana tsaka da wasa a Cincinnati. Aka soke wasan, kuma magoya bayan ƙungiyoyi daban-daban suka tara wa gidauniyarsa ta taimakon yara fiye da dala miliyan 8. Daga baya ya warke, ya koma fili.

A Super Bowl na watan Fabrairun 2023, ana 35 da 35, aka kama James Bradberry na Philadelphia Eagles da laifin riƙe abokin karawa, lamarin da ya bai wa Chiefs damar cinye lokaci ta yi nasara da 38 da 35.

Magoya bayan Eagles sun yi ta kukan an zalunce su. Amma Bradberry ya shaida wa manema labarai cewa lalle ya ja rigar, ya dai yi fatan alƙalai za su kau da kai ne.

Ƙungiyoyin biyu sun sake haɗuwa a Super Bowl na 2025, inda Eagles ta rama da ci 40 da 22.