Duniyar Cikin Tabarau: Tarihin Hajar Da Ta Ƙi Karɓuwa

Fiye da shekara sittin ke nan masana fasaha suna yi wa ɗan'adam alƙawarin wata duniya ta ƙirƙira, wadda zai shiga da idonsa da kunnensa alhali yana zaune a ɗaki. Har yau jama'a na ɗari-ɗari da ita. Abin da muke son bibiya shi ne dalili.

A shekarar 1962 Morton Heilig, mutumin Amurka, ya yi rajistar na'urarsa mai suna Sensorama, wadda ke haɗa hoto da sauti da iska har da ƙamshi. Bai sami masu zuba jari ba. A 1968 Ivan Sutherland ya ƙera tabarau mai aiki da kwamfuta, wanda sai an maƙala shi da ƙarfe daga rufin ɗaki. Kamfanin Nintendo ya gwada sa'arsa da Virtual Boy a 1995, amma masu saye suka koka da ciwon kai da gajiyar ido, aka daina ƙera shi a 1996, ba a sayar da ko miliyan 1 ba. Facebook kuwa ya sayi Oculus a 2014 kan kimanin dala biliyan 2, ya sauya suna zuwa Meta a 2021, sa'annan sashensa na wannan fasaha ya yi asarar fiye da dala biliyan 13 a 2022 kaɗai.

Dalili na farko a jiki yake. Ido na shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ana tafiya, can cikin kunne kuwa, inda daidaiton jiki yake, ana cewa a tsaye ake. Wannan saɓani ke haifar da jiri da tashin zuciya. Na biyu, tsada: a 2024 Apple ya sa wa nasa tabarau farashin dala 3,499.

Na uku, a ganinmu, ya fi nauyi, wato kaɗaici. Mu tuna, da majigi ya iso ƙasar Hausa, dodon bango aka kira shi, amma daga baya ya sami shiga, domin a dandali ake kallonsa, kafaɗa da kafaɗa. Rediyo ma a majalisa ya yi gida, ana ji ana musu. Shi kuwa wannan tabarau rufe fuska yake yi: mai shi bai ga baƙon da ya yi sallama ba, bai ga yaron da ya nufi murhu ba. Farashi na iya sauka, injiniyoyi na iya rage jiri, amma muddin shiga waccan duniya na nufin juya wa na kusa baya, da wuya mutane su yi tururuwa zuwa cikinta.