Makarantun Kimiyya na Kano da Rabon Ɗan Manomin Madobi

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kano a ranar 27 ga Mayu 1967, tana da mutane, tana da kasuwa, tana da gyada da auduga da fatu, amma masu riƙe mata asibiti da injin ruwa da layin lantarki yawancinsu baƙi ne. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun fito da wannan rauni fili, domin da ma'aikatan kudu suka tattara suka koma gida, wuraren aiki da yawa sun tsaya cik. Gwamna Audu Baƙo ya zo da manyan ayyuka, kuma mafi girmansu shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Daga cikinta aka jawo ruwan da ya raya noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam, albarkarsa ta shafi maƙwabtansu irin su Madobi. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000. To amma wa zai auna ƙasa, wa zai gyara ƙofofin ruwa, wa zai gane cutar da ta kama alkama ko tumatir? Kuɗin man fetur yana sayo siminti da ƙarfe cikin wata guda. Injiniya kuwa sai an rene shi shekara da shekaru.

Wannan tambaya ce ta zaunar da kwamitin samar da ƙwararrun ma'aikata a zamanin Kanar Sani Bello, wanda ya karɓi mulkin Kano a 1975. Cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan lamarin akwai marigayi Dakta Ibrahim Ayagi, masanin tattalin arziki da ya riƙe kwamishina a gwamnatin, da Alhaji Ado Gwaram, wanda daga baya aka ɗora wa nauyin tafiyar da hukumar makarantun kimiyya. Abin da suka gano ba ɓoyayye ba ne. Guraben likitanci da injiniyanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna nan, gwamnati kuma a shirye take ta biya kuɗin karatu, amma 'yan Kano masu sakamakon da zai shigar da su ba su taka kara sun karya ba. Makarantun sakandaren da ake da su ba su da isassun ɗakunan gwaji, malaman lissafi da fiziks sun yi ƙaranci, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa sai ya gama aji biyar bai taɓa kunna wutar gwaji da hannunsa ba.

Shawarar da suka yanke ita ce a ware makarantu na musamman, a tattara musu malamai da kayan aiki, a zaɓo yara masu hazaƙa daga ko'ina a jihar, a ajiye su a kwana, gwamnati ta ɗauki ci da sha da littafi. A 1977 aka kafa hukumar kula da makarantun sakandaren kimiyya, kuma a shekarar aka buɗe guda biyu na maza, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Yaro yakan yi aji ɗaya da aji biyu a makarantarsa ta asali, ya zauna jarrabawar tantancewa, in ya ci a ɗauke shi ya yi sauran shekara uku a can. Rukunin farko sun fita a 1980.

Ba a sha da daɗi ba wajen kafuwar. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan waɗannan makarantu, ya gama a 1988, ya nuna irin turjiyar da shirin ya fuskanta daga cikin gida. An ba hukumar 'yancin cin gashin kanta, ba ta ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi kai tsaye, wannan kuwa bai yi wa wasu manyan ma'aikatar daɗi ba. Shugabannin makarantu su ma suna da nasu kukan: ka rene yaro shekara biyu, da ya fara haske sai a zo a ɗauke maka shi, a bar ka da sauran, sannan gobe a auna ka da sakamakon jarrabawa. Akwai kuma masu cewa shirin fifita 'yan tsiraru ne, kuɗin da za a kashe wa yaro ɗaya a Dawakin Tofa zai iya sayen benci da alli ga aji guda a ƙauye.

Wannan suka ta ƙarshe tana da nauyi, kuma bai kamata mai son makarantun ya share ta ba. Amma a duba abin da ake da shi kafin nan. Makarantar boko ta farko a Kano, wadda Hanns Vischer, da Kanawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, an gina ta ne domin 'ya'yan sarakuna da malamai da waɗanda za su riƙe ofisoshin En'e. Kwalejin Katsina da Midil ta Kano sun fitar da manyan mutane, sai dai ƙofarsu ƙanƙanuwa ce, kuma wanda ke kusa da fada ko birni ya fi saurin ganinta. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da 'ya'yan talakawa, amma bai ce komai ba game da inda mai hazaƙa a cikinsu zai nufa. Makarantun kimiyya ne suka fara cewa ɗan mai noman albasa da ɗan babban sakatare su zauna takarda ɗaya, wanda ya ci ya shiga, su kwana ɗaki ɗaya, su ci tuwo daga tukunya ɗaya. A ganina wannan ne babban abin da aka yi a 1977, ya ma fi yawan likitocin da aka samu daga baya muhimmanci.

Zaman kwanan ma ba ƙaramin abu ba ne, kuma mutumin birni ba lallai ya gane haka ba. A Kwankwaso ko Kafin Agur ko Kubaraci, yaro ɗan shekara goma sha uku ma'aikaci ne a gidansu. Da rani akwai ban ruwa, akwai dashe, akwai korar tsuntsaye daga shinkafa, akwai tsinkar tumatir da za a kai Kwanar Gafan tun da asuba kafin rana ta taɓa shi. Uban da ya ce wa ɗansa yau ba makaranta ba mugu ba ne, lissafi yake yi: in ya ɗauki ɗan ƙwadago sai ya biya, kuɗin kuwa babu. Idan yaron ya dawo da yamma a gajiye, ba wuta, ba tebur, ba wanda zai tambaya in lissafi ya cije. Makarantar kwana ta ɗauke shi daga wannan duka. Ta ba shi sa'o'in karatun dare ƙarƙashin fitila, ta ba shi malami a kusa, ta ba shi abokai masu gasa da shi. Ɗan mai hali yana da irin wannan a gidansu tun da can. Abin da hukumar ta yi shi ne ta saya wa ɗan talaka lokaci, wanda shi ne abin da talauci ya fi ƙwacewa.

Daga nan shirin ya yi ta faɗaɗa. A 1981, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka buɗe ta 'yan mata a Taura, abin da a lokacin ya buƙaci ƙarfin hali, domin iyaye da yawa ba su saba da a kai 'ya mace garin da ba dangi ta yi shekara uku tana karatun kimiyya ba. Amma matan karkara da ke ƙin zuwa asibiti saboda ba sa son namiji ya duba su, su ne hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma har yau hujjar tana nan. A 1982 aka haɗa makarantun fasaha da na koyon sana'a a ƙarƙashin hukumar, sunanta ya koma Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha. An ƙara wasu makarantun kimiyya a Kafin Hausa da Jahun. Da aka yanke Jigawa daga Kano a 1991, Taura da Kafin Hausa da Jahun suka tafi da sabuwar jiha, Kano ta sake gini: ta 'yan mata a Garko, ta maza a Gaya mai sunan Maitama Sule, da ta jeka-ka-dawo a cikin birni. Wasu jihohin Arewa sun kwaikwayi tsarin. Tsofaffin ɗaliban kuma suka kafa ƙungiyarsu, KASSOSA, wadda ta haɗa 'yan Kano da 'yan Jigawa, kuma duk wanda ya shiga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko sassan kimiyya na Jami'ar Bayero zai tarar da su a can, da yawansu 'ya'yan manoma da 'yan tireda da malaman allo.

Madobi tana da nata misalin na abin da ilimin fasaha na gwamnati ke yi wa ɗan karkara, tun kafin a kafa hukumar ma. Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda aka haifa a garin Kwankwaso a 1956, ya bi ta firamaren garinsu, ya yi ta kwana a Gwarzo, ya shiga makarantar koyon sana'a ta Wudil, sannan kwalejin fasaha ta Kano da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ya yi shekaru yana aikin injiniyan ruwa a hukumar WRECA. Ko mutum yana tare da shi a siyasa ko ba ya tare da shi, ba a musun cewa da ya zama gwamna a 1999 ya kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ya kuma shigo da ciyar da 'yan firamare. Yau akwai makarantar koyon aikin jinya a cikin Madobi kanta. Ke nan tsanin ya kusa cika: yarinya daga Rikadawa ko Burji tana iya yin kimiyya a Garko, ta dawo ta karanta jinya a ƙaramar hukumarsu, ta yi aiki a asibitin da mahaifiyarta ke zuwa awo.

Sai dai matakin farko na tsanin ne ya fi lalacewa, kuma a nan ne sukar 1977 ta dawo da ƙarfinta. Manomin Kura ya san cewa komai cikar Tiga, in magudanar da ke zuwa gonarsa ta toshe da kachalla da yashi, shukarsa bushewa za ta yi yana kallon ruwa daga nesa. Jarrabawar shiga makarantar kimiyya adalci ce ga waɗanda suka iso ƙofar ɗakin jarrabawar da shiri iri ɗaya. A shekarun farko kusan kowa daga makarantar gwamnati yake fitowa, ratar da ke tsakanin birni da ƙauye akwai ta amma ba ta kai ta yanzu ba. Yanzu da aka koma tsarin shekara uku-uku, yaro yana zuwa ne bayan ƙaramar sakandare, kuma wanda zai yi gasa da shi ya fito daga makarantar kuɗi, ya sha darasin gida, ya bi tambayoyin shekarun baya ɗaya bayan ɗaya. Ɗan ƙauyen kuwa mai yiwuwa ya yi firamare a ajin da yara suka cika maƙil a ƙasa, malami ɗaya yana riƙe da aji biyu, ya shiga ƙaramar sakandare bai iya karanta sakin layi na Turanci ya fahimta ba. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Takardar ce aka rubuta da harshen da ba a koya masa ba. In aka bar abin haka, makarantar da aka gina domin ɗan talaka za ta zama rangwame ga mai hali, ya biya kuɗi shekara tara, ya samu uku na ƙarshe a sauƙaƙe.

Makarantun su kansu sun sha jiki. Rushewar tattalin arziki a tsakiyar shekarun 1980 ta kori malaman ƙasashen waje da aka ɗauko da farko, darajar albashi ta zube, ɗalibai suka ninka ba tare da ɗakunan kwana da na gwaji sun ninka ba. Sai kuma tsaro. Bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina a Disamba 2020, da na Kagara a jihar Neja a Fabrairu 2021, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana na wajen birni, har da ta Gaya. Wannan mataki ne na kare rai, ba wanda zai zarge shi. Amma a lura da wanda ya fi asara duk lokacin da aka rufe makarantar kwana. Mai kuɗi yakan mai da ɗansa wata makarantar cikin mako guda. Ɗan manomi gona yake komawa, 'yar manomi kuma sau da yawa maganar aure ce ke tasowa kafin a sake buɗewa.

An yi shelar ilimi kyauta kuma dole a 2019 zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, an kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024 zamanin Gwamna Abba Kabir Yusuf. Duka biyun amincewa ce cewa tushe ya raunana. Abin da nake so a ɗauko daga mutanen 1977 shi ne yadda suka tambayi kansu me ake son ilimin ya yi, suka ba da amsa a fili, sannan suka gina makaranta daidai da amsar. Su likita da injiniya suke nema. Yankin Madobi da Kura da Bunkure a yau yana neman waɗannan, yana kuma neman wanda zai gane dalilin da gishiri ke cin ƙasar noman rani, da wanda zai yi maganin tsutsar da ta cinye tumatir a 2016, da wanda zai gyara famfon sola ba sai an jira wani daga birni ba. Tashar binciken noman rani ta Kadawa tana nan kusa, kuma yaron da ya tashi yana juya ruwa daga kwami zuwa kwami ya riga ya san rabin tambayoyin da ake yi a cikinta.

Akwai abubuwan da ba sa buƙatar sabon gini. A tabbatar kason kowace ƙaramar hukuma yana zuwa ga yaran da suka yi karatu a makarantun gwamnati na cikinta, ba ga wanda ya zo da takardar shaidar asali kawai alhali bai taɓa kwana a garin ba. A tura malaman lissafi da Turanci ƙananan sakandaren ƙauye, a ba su alawus ɗin da zai zaunar da su. Tsofaffin ɗalibai, waɗanda da yawansu yanzu manyan likitoci ne da farfesoshi, su ɗauki nauyin darasin share fage a lokacin hutu a garuruwa irin su Gora da Galinja da Kanwa. Sannan dagatai da limamai su riƙa sanar da lokacin jarrabawar a masallacin Juma'a, yadda ake sanar da rabon taki, domin akwai iyaye a ƙauyukan nan da har yau ba su san cewa ɗansu na da damar zama wannan jarrabawa ba.