Kurege da Mena a Bakin Kogin Kwara

Jama'a, duk wanda ya tashi a Malanbil ya san gada ce kawai tsakaninmu da Gaya. Shi ya sa idan gasar cin kofin Afirka ta ƙarato, zuciyar Bahaushen garin nan takan rabu biyu.

Benin ta fara halartar gasar a 2004, a Tunisiya. Ta sha kashi a wasanninta uku, ƙwallo ɗaya tak ta ci, wadda Musa Latoundji ya zura wa Nijeriya. Nijar kuwa sai a 2012 ta leƙa, da su Musa Ma'azu, da laƙabin Mena, sunan dabbar dawa a harshenmu.

A 2019, a Masar, Kurege, laƙabin Benin na lokacin, ya nuna wayonsa: canjaras da Gana, Gine-Bisau da Kamaru, ya fitar da Maroko a bugun fenariti, kafin Senegal ta tare shi da ci 1-0.

In ɗanka ya tambayi wa zai mara wa baya, ce masa ƙasar haihuwarsa. Amma kada ya yi wa Mena dariya, kawunsa na ƙetaren gada. Allah Ya bar zumunci.