Ƙidayar Lanho da Ƙidayar Malami a Ƙasar Kurfai

Ƙasar Kurfai, wadda babban garinta Filinge yake zaune cikin kwarin Dallol Boso, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, ƙasa ce ta manoman gero da makiyaya, kuma tun fil azal take fama da cututtukan nan waɗanda in ba su ɗauki ran yaro ba sukan bar masa tabo har ya tsufa: amodari da ƙyanda masu cin ido, da shan-inna, da sanƙarau wanda kan sauko da zafin bazara ya bar yaro kurma. Da Musulunci ya yi ƙarfi a ƙasar, makarantun allo suka yawaita, sai makaho ya sami ƙofar ilmi, domin karatun allo da kunne ake kama shi. Malam ya biya masa, ya maimaita, a biya masa kuma, har ya haddace abin da mai ido bai gama wankewa ba. Malamai kuwa ba su jahilci darajarsa ba, tun da sun san ƙissar Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin nan da ya yi ladanci a Madina, wanda a kan sha'aninsa Suratu Abasa ta sauka. Amma kurma, wanda kunnen ne Allah ya jarrabe shi da rashinsa, rabonsa gona ne da kiwo, da 'yar maganar hannu wadda shi da mutanen gidansu kaɗai suka fahimta.

Da Faransawa suka iso a farkon ƙarni na 20, suka kafa bariki a Filinge, suka ɗora Mayaƙi Gado Namalaya bisa Kurfai, abin da suka fara shigo da shi, tun kafin lakwal, wato makarantar boko, da likita, shi ne littafin ƙidaya. Akan kafa wa kumandan teburi a inuwa, tafinta na tsaye, mai gari na zaune gefe, a kira magidanta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi matansa da 'ya'yansa da dabbobinsa, domin a kan wannan lissafi ake yanka lanho, wato haraji, a kansa kuma ake ɗibar 'yan aikin dole da soja. Naƙasasshe, da yake doka ta ɗauke masa lanho, in an nuna shi a wannan zama an nuna shi ne don a cire shi daga jimla. Daga nan hukuma ta gama da shi. Talakawa suka koyi ɓoye abin da za su iya ɓoyewa, kuma ba su yi haka don wauta ba, gama sun ga yadda aka kama mabiyan Shibo ta Shikal, waɗanda ake kira 'yan Hauka, a 1925, sa'ad da suka bijire wa sarauta, sun kuma ga yunwar 1931, shekarar fara, lokacin da rumbuna suka ƙare alhali lanho bai ƙare ba. Ko yaran lakwal ma da tilas ake karɓarsu, kuma ba wanda ya yi tunanin a rubuta makaho ko kurma a cikinsu.

A wancan zamani kuwa sana'ar koyar da irin waɗannan yara ta riga ta tsufa a Faransa kanta. Tun wajen 1760 aka buɗe wa kurame makaranta a Faris, a 1829 kuma Louis Braille ya fitar da rubutun makafi mai ɗigo shida, wanda ake huda takarda da tsinke daga dama zuwa hagu, sa'an nan a juya ta a shafa da yatsa daga hagu zuwa dama. Zuwan wannan fasaha Afirka ta Yamma bai yi ƙarfi ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, galibi ta hannun 'yan mishan: makarantar makafi ta Gindiri a 1953, da makarantun kurame da Andrew Foster, baƙar fatan Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya kafa a Akara a 1957 da Ibadan a 1960. Da makarantu suka samu, sai buƙatar malamansu ta taso, Nijeriya ta buɗe kwalejin horar da su a Oyo a 1977, jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero ta Kano kuma suka ware wa fannin sashe. A Nijar, inda manyan malaman farko sai sun tafi makarantar William Ponty a Senegal, ba a sami jami'a ba sai farkon shekarun 1970. Kuma a zamanin Seyni Kountché, haifaffen Fandu wanda ya fara lakwal a Filinge, aka yi ƙidayar jama'a ta farko ta ƙasa baki ɗaya a 1977, aka kuma buɗe wa makafi da kurame makarantunsu a Yamai. Dokar ilmi ta 1998 ta ambaci ilmi na musamman, a 2008 ƙasar ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Sai dai tsakanin Yamai da garuruwan yankin irin su Sanam ko Abala akwai nisa, kuma ba kowane uba ke iya rabuwa da ɗansa makaho ya kai shi birni ba.

Wanda ya duba manhajar da jami'o'i ke horar da waɗannan malamai da ita zai tarar, bayan rubutun makafi da maganar hannu da sanin halayyar yara, akwai darasin ilmin ƙididdiga, wanda ɗalibai da yawa ke gani kamar an ɗora musu kayan da ba nasu ba. Hikimarsa a fili take ga mai tunani. A ce aji mai yara 10, tara sun ci 12 bisa 20, na goman, wanda sanƙarau ya toshe wa kunne ba a sani ba, ya ci 2. Matsakaicin ajin 11 ne, mai duba makarantu ya gani ya sa albarka ya wuce, yaron kuwa ya nutse cikin jimla. Malamin da ya san cewa matsakaici yakan rufe saɓani, shi ne zai tsaya a kan wannan 2 ya binciki dalilinta, ya mai da yaron bencin gaba, ya riƙa auna shi wata-wata da kansa, ba da tsaransa ba. Haka kuma zai san ƙa'idar samfuri, wadda mai sayen gero a kasuwar Filinge ya riga ya sani, tun da ba ya yarda da damƙin da aka ɗebo masa daga bakin buhu sai ya zura hannu har ƙasa.

Kurfai ta ga amfanin wannan ƙa'ida da idonta. A watan Satumba na 2010 gundumar lafiya ta Filinge ce aka zaɓa a Nijar don fara sabuwar allurar sanƙarau mai suna MenAfriVac ga masu shekara 1 zuwa 29, bayanta kuma masu bincike suka bi ƙauyuka da gidajen da ƙuri'a ta faɗa wa, suna neman sanin wa aka tsallake, a ina, kuma don me. Tambayar da ta wajaba a kan ma'aikatar ilmi ke nan game da makafi da kurame, kuma tun da ilmantar da su farilla ce ta kifaya, nauyin ba zai sauka daga wuyan jama'a ba sai makarantun horar da malamai, da Jami'ar Abdou Moumouni, da ta Tillaberi da aka kafa a 2014, sun yaye isassun malamai masu iya shiga gida su tambayi uba yara nawa ne ba su zuwa lakwal, ya faɗi gaskiya ba tare da fargaba ba, su kuma san abin da za su yi da amsar.